Sabuwar mota a hunturun Kanada: wace kariya ce dole, wacce ce ɓarnar kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Otawa. A watan Satumba na sayi sabuwar mota dal da bashin banki na shekara 6. Ranar sa hannu dila ya jera min abubuwa: feshin ƙasan mota, wata na'ura da ake jonawa da batir wai tana hana tsatsa, shafen siramik, da wata leda da ake mannawa a gaban mota. Kuɗin ya yi yawa, ban karɓi ko ɗaya ba, yanzu kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Aikin dare nake yi, kullum ina kan babban titi. Me ya kamata in yi kafin dusar ƙanƙara ta sauka?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya, ya sa a kashe lafiya.

Ki kwantar da hankalinki, ba ki yi asarar komai ba da kika ƙi sa hannu a ranar. Duk abin da ya jera miki ana samunsa a waje, sau da yawa a farashin da bai kai nasa ba. Da kin bari an cusa su cikin bashin, da har kuɗin ruwa za ki riƙa biya a kansu tsawon shekara 6. Kuma abin da ya fi komai muhimmanci ma ba ya cikin jerin nasa. Zan zo kansa.

Ni a Kano na koyi gyaran jikin mota, wajen Ƙofar Ruwa, kuma yau shekarata 14 ina wannan aiki a Ontariyo, lardin da Otawa take ciki. Abin da na fi daɗewa ban saba da shi ba a nan shi ne ta inda mota take mutuwa. A gida rana ce take cin fenti daga sama, ƙura ta cika inji, ramuka su karya ƙafa, amma ki leƙa ƙasan motar da ta shekara 20 a Kano za ki same shi garau, domin iskarmu busasshiya ce. A nan mota daga ƙasa take ruɓewa, inda mai ita ba ya gani.

Wani ɗan ƙasarmu ya taɓa kawo min motarsa mai shekara 8, ya ce birki ya yi masa laushi a hanya. In kin ga motar sai ki rantse jiya aka fito da ita. Kowace Asabar sai ya goge ta, cikinta har ƙamshin turare yake. Da muka ɗaga ta sama na bi bututun man birki da yatsa, siririn ƙarfen da bai kai kaurin fensir ba, sai ga shi ya kumbura ya yi ɓawo-ɓawo kamar bayan bishiya, wani wuri kusa da tankin mai yana ɗiga. Na dangwala sukundireba a ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, ta shige ban ko matsa ba, jan garin tsatsa ya zubo min a hannun riga. Mutumin ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Wallahi ban san ana wanke ƙasan mota ba." Ba sakaci ya yi ba. Ba wanda ya taɓa gaya masa ne.

Gishirin titi ne ya yi masa wannan aiki. Kanada tana zuba gishiri wajen tan miliyan 5 a titunanta duk shekara, kuma Otawa, inda dusar ƙanƙarar da ke sauka a shekara takan haura mita 2, ba ta wasa da shi. Yawancinsa gishiri ne ɗan'uwan na miya. Yana narkar da ƙanƙara har sanyi ya kai wajen digiri 10 zuwa 12 ƙasa da sifili, daga nan ƙarfinsa ya ragu, sai a haɗa shi da wasu danginsa na kalsiyam ko maginiziyam. Waɗannan su suka fi illa ga mota, domin suna zuƙo laima daga iska. Kin san yadda gishiri yake yin ruwa a kwano da damina ko an rufe shi? To haka wannan caɓin yake yi in ya maƙale a lungun ƙarfe, ba ya bushewa. Ƙarfe kuwa ruwa da iska kawai yake buƙata ya yi tsatsa, gishiri kuma sai ya hanzarta abin. In kin ga fararen layuka a jere a kan kwalta alhali sama ba ta zubo da komai ba, ruwan gishiri ne aka fesa kafin dusar ta iso, kuma shi ya fi garin shiga lungu-lungu. Wannan ne ma ya sa nake gaya wa 'yan'uwa a gida cewa duk mai sayen mota ta Kwatano ya kwanta ya leƙa ƙasanta, domin da yawansu daga irin waɗannan garuruwa aka ɗebo su.

Motocin yanzu sun fi na da juriya, wannan gaskiya ne. Ana lulluɓe ƙarfen da tutiya, a tsoma gangar jikin gaba ɗaya cikin ruwan fentin ƙasa tun a masana'anta. Amma ki buɗe littafin garantinki ki karanta sashen tsatsa. Yawancin kamfanoni shekara 5 suke bayarwa, wasu su ɗara, kuma sai tsatsar ta huda jikin motar daga ciki zuwa waje sannan su ɗauki nauyi. Tsatsar da ta faro daga inda dutse ya ɓantare fenti ba ta ciki. Ke kuma bashinki shekara 6 ne. In kina da niyyar riƙe motar nan bayan kin gama biya, feshin ƙasa ya cancanci kuɗinsa, sai dai ki san wanne.

Abu biyu ake kira da suna ɗaya. Akwai baƙin feshi mai kauri kamar kwalta wanda yake bushewa ya yi tauri. Ranar da aka yi shi yana da kyan gani. Bayan 'yan shekaru sanyi da jijjiga da duwatsu sai su tsattsaga shi, ruwan gishiri ya shiga ta tsagar ya kwanta tsakaninsa da ƙarfe, ba hanyar fita, ba kuma mai gani. Na sha ɓamɓare irinsa da hannu in tarar ƙarfen da ke bayansa ya zama gari. Na biyu shi ne feshin mai, ruwa-ruwa, wanda ba ya bushewa. Shi yana bin ƙarfe yana rarrafawa cikin haɗe-haɗen walda, ya kori laima ya zauna a wurinta. Ana fesa shi a ƙasan motar, a cikin ƙofofi, a cikin ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofin, da bakin mazaunin tayoyi. Shi nake yi wa tawa motar, shi nake ba ki shawara. Kamfanoni irin su Krown da Rust Check suna da rassa ko'ina a Ontariyo, kuma ƙaramar mota kuɗinta yana wajen dala 150. Sharaɗinsa ɗaya ne, duk shekara ake sabuntawa, domin ruwa yana wanke shi a hankali.

Kafin ki ba su makulli ki yi musu tambaya biyu. Ta farko, za su huda? Wasu suna yin 'yan ƙananan huji a jikin ƙofa don su zura bakin feshin, sannan su toshe da roba. In ba ki so, ki ce su bi ta hujin da masana'anta ta riga ta bari, kuma ki fara duba abin da garantinki ya ce a kan huda jiki. Ta biyu, in motarki mai haɗin lantarki da fetur ce, ki tabbatar sun san aikin irinta, domin akwai wayoyi masu ruwan lemo da bai kamata a yi wasa da su ba. Motar za ta yi kwana biyu ko uku tana ɗigar mai, don haka kada ki ajiye ta a kan simintin mai gidan haya.

Na'urar da ake jonawa da batir kuwa, ki bar musu kayansu. Dabarar tana aiki a jirgin ruwa da bututun da aka binne a ƙasa, domin ruwa ko damshin ƙasa ya kewaye ƙarfen ta ko'ina, lantarki yana da hanyar bi. Mota a kan tayar roba take tsaye, iska ce kewaye da ita. Na ɗaga motoci masu wannan na'ura, 'yar fitilarta tana ci, ƙasansu ya yi ja wur.

Bayan feshin mai sai wanka, kuma wankan ƙasa nake nufi. Duk sati biyu a hunturu, ko bayan an yi zubar dusa mai yawa an watsa gishiri, ki shiga wurin wankin da ke da feshin ruwa daga ƙasa. Ana ƙara masa 'yan daloli, ki biya. In da hali ki zaɓi wanda ba ya amfani da burushi, domin burushin da ya goge yashin motoci ɗari kafin taki shi zai zana miki fenti. Ki zaɓi ranar da sanyi ya sassauta, kusa da sifili. In kika wanke ta a daren da ake digiri 20 ƙasa da sifili, da safe ƙofa ba za ta buɗu ba, in kika fizga kuma robar bakin ƙofa ta yage. Ki sayi man silikon ki shafa wa robobin nan tun yanzu, kuma bayan kowane wanki ki bi su da tsumma.

Akwai abin da yake ba mutane mamaki: gareji mai ɗumi ya fi waje saurin sa tsatsa. Muddin caɓin gishiri a daskare yake, aikinsa a hankali yake tafiya. Da zarar kin shiga ɗumi ya narke, sai ya kwana yana cin ƙarfe, gobe ki fita ki kwaso sabo. Ba cewa na yi ki guji garejin ginin da kike ba, yana da amfaninsa ga batir da inji da ke kanki. In a ɗumi take kwana, wankin ƙasan ya ƙara zama wajibi ne kawai. Cikin motar ma haka. Dusar da ke takalminki tana narkewa a kan kafet, ruwan gishiri ya ratsa ya kwanta a daɓen ƙarfe. Ki sayi shimfiɗar roba mai baki a tashe, wadda aka yanka daidai da irin motarki. Ki cire ta yadin kafin ki sa ta robar, kada ki ɗora wata a kan wata a gefen direba, domin tana iya zamewa ta danne totur.

To, ga abin da na ce zan zo kansa: tayoyin hunturu. Da kuɗin abu ɗaya kawai gare ki, da su zan ce ki saya, a bar duk sauran. Duk shekara, satin da dusa ta fara sauka, garejinmu cika yake da motocin da suka sulale suka daki bakin titi ko bayan wata motar, da yawansu sababbi. Ba wata leda ko shafe da ke kare mota daga wannan. Tayar da motarki ta zo da ita, wadda ake cewa ta kowane yanayi, robarta tana fara yin tauri da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ko babu dusa ko ɗigo a titi. Tayar hunturu robarta tana zama da laushi, kuma an yi mata 'yan tsage-tsage da yawa masu kama ƙanƙara. Ki duba gefenta, za ki ga hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusa a cikinsa. Guda huɗu za ki sa, ba biyu ba. In dila ya ce miki motarki da ƙafa huɗu take ja don haka ba ta buƙata, ki sani ja da ƙafa huɗu wajen tashi yake taimako. Wajen tsayawa duk mota da tayarta take dogara.

A tsallaken kogi daga Otawa, a lardin Kebek, doka ce: duk motar da aka yi wa rajista a can sai ta sa tayar hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Ontariyo ba ta tilasta ba, amma tun 2016 ta wajabta wa kamfanonin inshora su yi ragi ga wanda ya sa. Ba sa yi sai kin kira kin faɗa musu, don haka ki kira, ki kuma ajiye rasiɗin. Ki nemi layin sa tayar tun tsakiyar Oktoba, domin ranar da dusa ta fara sauka kowa zai ruga, sai ki yi sati biyu kina jira.

Ki sa a ɗora su a kan wili na baƙin ƙarfe daban, ki ajiye masu ƙyallin da motar ta zo da su sai bazara. Gishiri yana cin fuskarsu, rami kuma yana lanƙwasa su. In birkin motarki ya ba da dama, a rage girman wilin da inci ɗaya a sa taya mai tsayin gefe, ita ta fi shanye dukan rami. Iskar taya kuma tana raguwa da kusan psi 1 (ma'aunin iskar taya) duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri 5 ko 6, don haka ki auna duk wata, da safe kafin ki tuƙa. Adadin da za ki bi yana manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Wanda aka rubuta a jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ne.

Ledar gaban mota abu ne na gaske, ba yaudara ba. Fentin motarki duka, tun daga na ƙasa har mai sheƙin sama, bai fi kaurin gashin kai da wani abu ba. Ledar ta kusan ninka shi biyu kuma tana da taushi, sai tsakuwa ta dake ta ta koma. Ke da kike bin babban titi kullum da dare, a bayan manyan motoci masu watso yashi da gishiri, za ta yi miki amfani. Sai dai tana da tsada, gaban mota gaba ɗaya yakan haura dala 1,000 nesa ba kusa ba. Ba sai an lulluɓe motar duka ba. Bamba, bakin murfin inji da bayan madubai, nan ne duwatsu suka fi duka. Ki kai wa masu wannan sana'a kaɗai, ki ce su nuna miki motar da suka gama, ki duba gefunan ledar ko sun kwanta. In kuɗin bai kai ba bana, ki sa robar tare caɓi a bayan tayoyi, ki riƙa ba manyan motoci da motar watsa gishiri tazara mai yawa, sannan ki sayi ɗan kwalbar fentin cike gurbi. Lambar kalar motarki tana kan takardar da ke jikin ƙofa ko a littafinta. Duk inda kika ga ɗan tabo ya kai ƙarfe, ki wanke, ki busar, ki ɗiga masa a cikin satin.

Shafen siramik ado ne da sauƙin wanki. Ruwa yana gangarewa, datti ba ya kamawa sosai, amma siririn abu ne ƙwarai, ba ya tare dutse. Man goge mota na kaki sau biyu a shekara zai ba ki rabin amfaninsa da kuɗi kaɗan. Shi ne na ƙarshe a layi.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma a kansu mutanenmu suka fi yin asara a hunturun farko. Kada ki taɓa zuba ruwan zafi a gilashin da ya daskare, tsagewa zai yi. Ki kunna iska mai ɗumi ki kankare da abin kankara na roba, jikin motar kuma da burushi mai laushi kawai. Kada ki kunna waifa alhali ta manne da gilashi. Ruwan wanke gilashin da aka zuba miki a Satumba mai yiwuwa na bazara ne, ki ƙarar da shi ki cika da wanda aka rubuta masa digiri 40 ƙasa da sifili, ki kuma ajiye jarka ɗaya a but, domin a daren caɓi za ki iya shanye tanki guda. In dutse ya ɗan fasa gilashi ki kai a cike shi da wuri, kafin sanyin waje da ɗumin ciki su ja tsagar daga wannan gefe zuwa wancan.

A gida mun saba in ruwan lagireto ya ragu a ɗebo na famfo a ƙara. A nan kada ki yi. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma wannan ya isa ya fasa inji. Ruwan da ke cikin motarki haɗi ne na rabi da rabi wanda ke jure wa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili, in za a ƙara sai irinsa. Baƙin mai ma wanda littafin ya ce, yawancin sababbin motoci mai lambar kauri 0W-20 ne ko makamancinsa, kada wani ya ce miki ya yi ruwa da yawa a sa mai kauri. Ba sai kin bar ta tana aiki minti 15 kafin ki tashi ba. Minti ɗaya ya isa in gilashi ya washe, sai ki tafi a hankali har inji ya ɗumama.

Wannan kuma ki riƙe shi da kyau, domin na rai ne. In kin fito daga aiki kin tarar dusa ta binne motar, ki fara tone bakin salansa kafin ki kunna. In ya toshe, cikin mota hayaƙin yake komawa, gubar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da launi, kuma ta sha kashe mutanen da suka zauna a ciki suna jiran ɗumi, har da yara da aka sa a mota ana share dusa a waje.

Daga Maris zuwa Afrilu titi yake fashewa. Ruwa ya shiga tsagar kwalta da rana, ya daskare da dare ya buɗa ta, washegari babbar mota ta taka, rami ya buɗe. Ramin da ruwa ya cika ba a sanin zurfinsa, ki rage gudu tun kafin ki kai, amma ki saki birki daidai lokacin da taya za ta faɗa. In kin daki wani da ƙarfi kika ji sitiyari yana ja gefe ko yana rawa, ki kai a duba saitin ƙafa kafin ta cinye miki sabuwar taya. In sanyi ya tsaya sama da digiri 7, ranar da za a mayar da tayoyin bazara, ki sa a yi wa ƙasan wanki na sosai, a buɗe birki a goge a sa giris a inda yake zamewa, domin gishiri yana sa shi ya cije. Kuma in sun ɗaga motar, ki roƙi makanikin ya bar ki ki shiga ƙarƙashinta da fitila, ya nuna miki bututun birki da bakin mazaunin tayoyin baya, ki ɗauki hotonsu a wayarki don ki gwada da na baɗi.